Kawu Bai Karɓi Mutuwa Ta Waya Ba

Mu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa, babu mai musun wannan. Amma da Kawu zai ga yadda labarin rasuwarsa ya iso mini, na tabbata da ya tashi zaune a kan makara ya wanke mu tas. Ina cikin aji a Tambuwal, alli a hannuna, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Wani ɗan kabu-kabu ne wanda ban ma san yana da lambata ba. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce, "Malam, tsohon ga naku ya cika," ya kashe. Kafin in nemi izinin shugaban makaranta, hoton Kawu ya gama zaga wayoyin gari, haɗe da saƙon murya mai faɗin sunan ƙauyenmu da lokacin jana'iza. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa mutuwa ba a faɗinta a tsaye, ga tasa an faɗe ta a guje. Raina ya ɓaci ƙwarai, har ɓacin ran ya riga hawaye zuwa.

Ƙauyenmu yana gaba da Kebbe kaɗan, hanyar kuwa wanda ya san ta ya san ta. Ban isa ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Na tarar da zaure cike, an shimfiɗa tabarmi har gindin dogon-yaro, kowa na faɗin abin da ya sani game da mamacin. Wani tsohon makiyayi da ke sauka da shanunsa a gonar Kawu duk rani ya ce, "Shi yak kai mani rasuwar uwata har ruga, cikin ruwan sama, keke bisa kahwaɗa." Liman ya ce, "Allah shi jiƙan shi, mutum na mai riƙon magana." Can baya wani ya ce a hankali, "Riƙon dai ya yi yawa." Ba wanda ya juya ya ga mai maganar. Idanu dai suka tafi wuri ɗaya, kan ginshiƙin zaure, inda wata tsohuwar waya ke rataye jikin ƙusa cikin jakar fata.

Kowa a wurin ya san abin da ake nufi. A cikin gidan akwai matar ɗan Kawu, wadda har yau muke kira Amarya ko da yake furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Shekara da shekaru ke nan ba ta san matsayinta ba. Ba a ce mijinta ya mutu ta yi takaba ba, shi kuma bai dawo ba. Wanda ya riƙe ta cikin wannan hali shi ne mutumin da muka taru muna yi wa addu'a, kuma duk duniya ba wanda ya kai shi sonta. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Ba na son a manta da Kawu, ba na kuma son a tuna da rabinsa kawai.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake, amma abin da aka san shi da shi daga Kebbe har Jabo shi ne kai saƙon mutuwa. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi, ba a kuma ba shi ko ƙwayar goro. An dai lura bakinsa na da sanyi kuma ba ya ƙyuyar tafiya, shi ke nan aikin ya zama nasa. Idan aka yi rashi, sai ya shiga ya ga gawa da idonsa, sa'an nan ya ɗaure bakin wandonsa ya hau keke.

Yana da ƙa'idodinsa, kuma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba ya faɗa wa mutum yana tsaye, ko yana riƙe da wuƙa, ko yana kusa da wuta, ko yana kan rumbu. Zai yi sallama ya zauna, ya nemi ruwa ya sha, ya gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya tambayi damina, ya tambayi dabbobi. Sai ya ce wane ba shi da lafiya. Ya ɗan dakata, ya ce jikin fa ya yi tsanani. Daga nan ya yi shiru yana kallon ƙasa, har sai mai gida da bakinsa ya ce, "Ko ya cika?" Sa'an nan ya ce, "Sai haƙuri." Bayan haka ya faɗi wanda ya yi wanka, da wanda zai yi salla, da inda za a kwantar. Yakan ce, "Mutuwa kaya ta mai nauyi. Ba a jehwa ma mutum ita, sauke mai aka yi."

Ni ma shi ya kawo mini rasuwar mahaifina, lokacin ina makarantar horon malamai. Na gan shi zaune a kan benci a bakin ofis, ƙura har gira, na yi murna ina zaton tsaraba ce ta zo. Ya sa na ɗebo masa ruwa. Ya tambaye ni jarrabawa, ya tambayi abincin makaranta, har na fara ƙosawa. Tun daga farkon hirar ya riƙe wuyan hannuna, bai saki ba. Da na gane, na nemi miƙewa, sai na ji hannun nan ya mayar da ni zaune. Maganganun da ya faɗa ranar duk sun gushe mini, amma riƙon nan har yau ina jin sa.

A wancan zamani waya ta gwamnati ce ita kaɗai. Duk faɗin Tambuwal 'yan ofisoshi ƙalilan ke da ita, baƙa mai igiya a kan teburin manya, ita ma ranakun mutuwarta sun fi na aikinta yawa. Wanda ya nemi a ja masa layi gida sai ya tsufa yana jira. Mu mutanen Kebbe kuwa labarinta kawai muke ji. Sai aka wayi gari rediyo na cewa gwamnati ta buɗe ƙofa, 'yan kasuwa su zo su kafa kamfanonin waya, tunda masu nema sun yi mata yawa ta kasa. Ba a jima ba dogayen ƙarafan sabis suka fara tsirowa a bakin titin Sakkwato, masu lema suka kafa tebura a tasha ana zuwa ana kira. Mu dai abin da ke isowa ƙauyenmu ragowar na wasu ne, sai an hau tudu an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Ɗan Kawu namiji guda ne, taubashina, abokin tsiyata tun muna tsirara. Shi ya auri Amarya, 'yar ƙanin Kawu, marainiyar da ta tashi a gidan tana kiran Kawu Baffa. Taubashin nan nawa ya bi motocin shanu zuwa kudu, ya zama ɗan dillali a kara, wato kasuwar shanu. Wata Sallah ya dawo da waya sabuwa fil, ya ce ta Kawu ce. Shi kansa bai da ita, don ƙarfinsa bai kai na biyu ba, ya ce zai riƙa kira a wurin masu lema. Muka yini ni da shi muna zaga gida da wayar a sama, daga turken akuya har bayan rumbu, ina ce masa ya sayo wa tsoho madubi mai tsada. A ƙarshe layi ɗaya tak ya fito a jikin ginshiƙin zaure, sama da kafaɗa kaɗan. Nan ya buga ƙusa, aka ba baduku ya ɗinka mata jaka.

Kawu ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Abin da ba shi da huska, ƙaƙa za ni yarda da shi?" Amma duk ranar Juma'a, ranar da ɗansa ke kira, sai ka gan shi ya sa wankakkiyar riga ya daidaita hula ya zauna ƙarƙashin ƙusar. Na ce, "Kawu, ai ba ya ganin ka." Ya ce, "Ni ai ina ganin kaina, marar kunya." Kunnensa ya yi nauyi, don haka a buɗe ake sa muryar, duk wanda ke zaure sai ya sha hira.

Wayar ta zama ta gari. Duk mai ɗa a ci-rani lambar Kawu ya ba shi, zauren ya koma kamar tasha. Bai taɓa korar kowa ba, har fura yake sa a kawo wa masu jira. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba. Akwai ranar da aka kira aka ce ɗan maƙwabcinmu ya mutu, motar da ya ce zai shiga ta faɗi. Kawu ba ya nan, wani ya ɗauka ya ruga ya faɗa. Mata suka yi kuka har muryoyi suka dushe, aka zauna karɓar gaisuwa. Ana cikin zaman makoki sai ga mamaci a bayan babur, rungume da buhun albasa. Ashe motar ta bar shi a tasha, mai kiran kuma bai ga gawa ba, ji ya yi. Mutane suka mayar da abin dariya, amma Kawu bai yi dariya ba, don uwar yaron ba ta sake komawa daidai ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kira da labarin rasuwa amsarsa ɗaya ce: "Na ji kana da magana. Ka taho, ko ka aiko wanda yat tsaya bisa kabari." A farkon shekarun nan kuwa ana aikowa, don ana jin kunyarsa.

Ranar da nasa kiran ya zo ina wurin. Hutun makaranta ne, ana girbin gero, mun dawo sallar la'asar muna zaune mu da yawa. Wayar ta yi ƙara, Kawu ya miƙe ya kai kunne. Muryar namiji ce, da irin harshenmu, bayansa kukan shanu da ƙarar manyan motoci. Ya tambaya ko nan ne gidan su wane, ya faɗi sunan taubashina. Kawu ya ce nan ne. Sai kawai ya ce, "Ku yi haƙuri, Allah ya yi mai cikawa. Zazzaɓi na yak kama shi, mun rufe shi tun jiya."

Kawu ya ƙara matsawa kusa da wayar. Ya ce, "Kai wa na? Ɗan wane gida?" Muryar ta fara yankewa. Kawu ya ɗaga tasa: "In gaskiya kaka hwaɗi, ka taho ka zamna nan ka hwaɗa mani." Layin ya katse.

Na bi lambar nan take. Wata mata ce mai lema ta ɗauka, ba ta jin Hausa. Da Turancina na malamin makaranta na samu sunan garin, ta kuma ce Hausawa da yawa ke kira a teburinta, ba ta san wannan ba. Ina cikin haka sai ga Amarya a ƙofar cikin gida, 'yarta goye a baya. Ta ji komai ta bayan bango. Har ta cire 'yan kunnenta, suna cikin tafin hannunta. Kawu ya dube ta ya ce, "Maida su. Ba a hwaɗa muna komi ba tukuna." Ta tsaya tana kallon sa. Sa'an nan ta mayar da su, ɗaya bayan ɗaya, hannunta na kuskuren huda.

Ni na tafi kudu neman gaskiya. Na sami garin, na sami karar, na sami waɗanda suka san shi. Suka ce ya daɗe da bin wasu fatake zuwa wata kasuwa ta gaba. A can wani ya ce ya ji an ce ya mutu, wani ya ce a'a, ya tsallaka iyaka da shanu. Mai kiran ba wanda ya san shi, mai wucewa ne. Na dawo bakina cike da an ce. Kawu ya bari na sha ruwa, ya yi mini tambaya ɗaya: "Ka ga wanda yat tsaya bisa kabari nai?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Ya gyara zama ƙarƙashin ƙusar, kuma a gaskiya daga wannan zama bai sake tashi ba.

Ya daina kai saƙon mutuwa. Dama aikin ya fara ƙarewa, don waya ta shiga kowane aljihu, amma ko an roƙe shi ba ya zuwa. Keken ya jingina a bango har kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Gona sai ta kusa, ita ma yana yi yana waiwaye. Bai sake zuwa suna ko ɗaurin aure da ya wuce jin ƙarar waya ba. In zai shiga masallaci, Amarya ce ke fitowa ta zauna bakin ƙofar zaure har ya dawo. Haka suka riƙa karɓa-karɓa, mutum biyu a turke ɗaya. Jira biyu yake yi a lokaci guda: ko wayar ta yi ƙara ya ji muryar ɗansa, ko a yi sallama a ƙofa ya ga wanda ya zo faɗa masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran talla. Kamfanoni sun yi yawa, kowa na neman kasuwa, sai su riƙa kira da muryar da aka naɗa ana tallan waƙa ko garaɓasa. Duk sanda ta yi ƙara Kawu sai ya zabura, ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya yi sallama cikakkiya. Ya tsaya yana sauraron na'ura har ta gama surutunta, don a ganinsa rashin ladabi ne ka katse mai magana. Sa'an nan ya koma ya zauna, ya ce, "Ba shi na ba."

Da wani kamfani ya kafa ƙarfensa a bakin Kebbe, sabis ɗinsa ya cika ƙauyen har cikin rumbu. Na Kawu ne dai bai ƙaru ba, yana nan a ƙusa. Na sayo masa sabon layi da murnata, na ce yanzu sai ya sa waya a aljihu ya je inda yake so. Ya juya ɗan katin a hannunsa, ya miƙo mini abina. "Wagga lamba ta bisa ƙusa ita kaɗai ɗana yas sani. In yak kira yat tarar na tashi fa?" Na ce to a bar wannan a rataye, wani ya riƙa dubawa. Ya ce, "Wani na yah haihe shi?" Abin da ya karɓa daga hannuna kawai shi ne ɗan faifan hasken rana na caji, don dama awannin da ake kai batir Kebbe su ne mafi tsawo a rayuwarsa.

Rigimar da muka yi ta gaske a kan Amarya ce. 'Yarta ta tasa, har ta fara ɗaukar tulu. Kawun Amarya na wajen uwa ya zo daga Jabo, ya ce akwai wani mutumin kirki mai sayar da hatsi da matarsa ta rasu, yana so. Ya ce shari'a ba ta bar mace a rataye ba, alƙali na da ikon yanke hukunci a kan mijin da ya ɓata. Gaskiya ya faɗa, ni kuma na goya masa baya da ƙarfina, har na ɗaga wa Kawu murya, abin da ban taɓa yi ba. Kawu ya bar mu muka gama. Ya ce, "Ban ɗaure ta ba, ga ƙohwa nan buɗe. Ta tahi, ba ni yi mata baki. Amma bakina ba shi cewa ya mutu, tunda ba a hwaɗa mani ba."

Muka ɗauke ta a babur zuwa Kebbe. Ta zauna a bencin ƙofar kotu, mayafi har goshi, muna jiran a kira mu. Can sai ta miƙe ta ce a mai da ita gida. Kawunta ya hau faɗa. Ta ce masa, "Kawu, in alƙali yac ce ya mutu, wa za shi koma shi hwaɗa ma Baffa? Ni? Ranar da uwata tar rasu shi yag goya ni bisa keke, yana ba ni labarin zomo har munka kai gida, ban san mi yah hwaru ba sai da nic ci nik ƙoshi. Ba ni iya jehwa mai wagga." Na ce, "Amarya, rayuwarki fa?" Ta ce, "Wani za shi zo." Na yi fushi da su duka biyun, na daɗe ban taka ƙauyen ba. Mai hatsi ya auri wata. 'Yar da aka goya ranar kiran ta girma, aka yi mata aure, Kawu ya ba da ita a matsayin wakilin ubanta, bai yarda an ce marainiya ba.

Ciwon ajalinsa kumburin ƙafa ne. Na zo da mota har ƙofar gida don a kai shi asibiti a Tambuwal, ya ce ko an ɗaga shi zai rarrafo ya dawo. A zauren aka yi masa shimfiɗa. Wata safiya da hantsi muna mu biyu, ina shafa masa man zafi, na kasa haƙuri na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, kana zaton yana da rai?"

Ya ɗaga ido ya dubi azara. Ya ce, "Kai ma kana ɗauka ta wawa? Ɗan da ba shi ƙetare Juma'a bai kira ni ba?" Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. "Babu gidan da ban taka ba tsakanin nan da Jabo. Ɗiyan kowa, sai da niz zamna nis sauke ma iyayensu a hankali. Nau guda ɗai, shi na za a jeho mani daga bakin titi, ina tsaye, mutum ko suna nai bai hwaɗi ba? Cewa niy yi wani za shi ji kunya shi taho. Ko don kekena."

Na ce, "To Amarya fa?"

Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Ita niz zalunta. Kullum ina cewa gobe in sake ta, sai in ga kamar goben na za shi zo." Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na ci gaba da shafa man.

Ranar sadakar uku, an yi addu'a an shafa, mutane sun fara neman takalmansu, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wani dattijo mai jan gemu da ba mu sani ba. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa, yana tsaye a bakin zaure ya ce, "Na ga hoto nai cikin waya da sunan garin ga, garin da ɗa nai ka yawan hwaɗa mani, nic ce lalle in zo. Ai ni na nik kira shi shekarun baya, lokacin da ɗa nai..."

Ban san sanda na ce, "Dakata!" ba. Na nuna masa shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙusa, na ce ya zauna. Na sa aka kawo ruwa ya sha. Na tambaye shi hanya, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, yana amsawa yana kallo na kamar mai taɓin hankali. Na aika a ce wa Amarya ta zo bayan asabarin ƙofar cikin gida, kuma ta zauna, kada ta tsaya. Da na ji motsin zamanta, na ce, "To, Alhaji, yanzu faɗi."

Ya faɗa. Bafatake ne, tare suka sauka a wata kara, zazzaɓi ya kama taubashina. Shi ya kai shi wurin mai magani, a hannunsa ya cika, shi ya yi masa wanka, ya tsaya har aka rufe ƙasa. Lambar a jikin wata 'yar laya ta aljihunsa ya gan ta rubuce, da ya iso gari na gaba ya kira. Liman ya tambaye shi ko bai ji tsoho ya ce ya zo ba. Ya ce, "Na ji. Nic ce zahin mutuwa na. Wa ka tahiya don abin da waya ta riga ta kai? Ni da nika zuwa Tambuwal kowace Sallah, da na san jira aka yi..." Bai ƙarasa ba. Kowace Sallah, a Tambuwal, garin da nake kwana nake tashi. Wallahi na so in shaƙe shi. Amma da na dube shi ban ga mugu ba, mutum na gani irinmu, mai waya a aljihu.

Liman ya yi gyaran murya ya fuskanci asabari. Ya ce, "Ɗiyata, shaida ta tabbata. Takaba kuwa daga ranar mutuwa aka ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goma naki sun wuce tun ɗiyarki na goye. Babu komi bisa kanki."

Wato duk shekarun nan ƙofa a buɗe take, ba ta sani ba. Ba wanda ya iya ɗaga kai. Muka ji numfashinta ta bayan asabari, ba kuka, numfashi kawai. Sai hannunta ya fito ta gefe, a dunƙule, ta buɗe shi a kan tabarma. 'Yan kunnen nan ne.

Ta ce wa Liman, "Na ji, Malam. Amma ni ba a taɓa yi mani gaisuwa ba."

Na matsa kusa da asabarin na durƙusa. Na ce, "Amarya, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ban taɓa jin an faɗi kalmomin nan biyu da irin wannan gajiya ba. Tsohon makiyayin nan ya ajiye sandarsa ya biyo bayana, sai Liman, sai baƙon. Waɗanda suka riga suka sa takalma suka cire, suka dawo suka yi layi. Labari ya shiga cikin gida, mata suka ɗauki kukan da aka hana su tun ana girbin geron wata shekara.

Da yamma ta fito da kanta ta sauke wayar daga ƙusa, ta kashe ta, ta ba ni. Ta ce gobe in kai ta Jabo, tana son ganin 'yan'uwan uwarta, ta daɗe ba ta kwana ko'ina ba.

Allah ya jiƙan taubashina a inda aka kwantar da shi cikin baƙin ƙasa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da kowane gida da ya taka. Allah ya ba Amarya abin da ya rage mata cikin sauƙi. Mai saƙon ya zo, Kawu. Ya zauna, ya sha ruwa, a shimfiɗarka ya faɗa.